Daga Katsina zuwa Jidda da Madina a jirgin sama: nisa, awanni, da abin da ke tsawaita tafiya

Wannan shafi na maniyyata ne da masu zuwa umara daga Katsina, Daura da kewaye, da 'yan'uwan da ke gida suna duba agogo suna jiran a bugo waya a ce an sauka lafiya. Nisan tafiyar jirgi da aka kawo a nan na miƙaƙƙen layi ne tsakanin filin jirgi da filin jirgi, sai dai inda aka ce zagaye ne.

Kilomita nawa ne daga Katsina zuwa Jidda?

Daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina zuwa filin jirgin Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kimanin kilomita 3,470 ne. Zuwa filin jirgin Madina kuwa, kimanin 3,600. Daga Kano zuwa Jidda 3,420, daga Abuja 3,700, daga Legas 4,200. Ke nan wanda ya bar Katsina ya tafi Abuja don ya hau jirgin Jidda, baya ya fara komawa: ya ci kilomita 445 zuwa kudu, sannan ya tashi daga wurin da ya fi garinsu nisa da Saudiyya.

Makka ba ta da filin jirgi. Daga filin Jidda zuwa Harami akwai sauran tafiyar mota ta kusan kilomita 100.

Na duba a intanet, wani wuri ya ce 2,156, wani ya ce 1,874. Wanne ne daidai?

Duka daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. Na farko mil ne na ƙasa, wanda ɗaya yake daidai da kilomita 1.609. Na biyu mil ne na teku, kilomita 1.852, kuma da shi matuƙa jirgin sama ke aiki. Ka ninka kowanne da nasa, za ka dawo kan 3,470.

Awa nawa jirgi ke yi?

Manyan jiragen da ake jigilar alhazai da su, irin su Boeing 747, Boeing 777 da Airbus A330, suna gudun kilomita 850 zuwa 900 a awa in sun kai sama sosai, tsayin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa. In aka raba 3,470 da wannan gudu, awa huɗu ke fitowa. Sai dai jirgi ba ya wannan gudu tun daga tashi. Hawa na cin minti ashirin zuwa talatin, saukowa ma kusan rabin awa, kuma duk a hankali ake yin su. Saboda haka a miƙaƙƙiyar hanya a sa awa huɗu da kwata zuwa huɗu da rabi zuwa Jidda, a ƙara minti goma zuwa kwata in Madina za a sauka.

Lokacin da ke kan tikiti ya fi wannan. Kamfani na lissafi ne daga sadda jirgi ya motsa daga inda yake ajiye har ya tsaya cak a can, har da gangarawa zuwa titin tashi da jiran izini daga hasumiya. A Katsina wannan ba ya ɗaukar lokaci. A Jidda lokacin aikin hajji, jirgi kan yi layi a ƙasa, wani lokaci ma ya yi ta kewaye a sama kafin a ba shi titi.

Ta ina ake bi?

Miƙaƙƙen layi daga Katsina yana fuskantar gabas ne da ɗan karkata arewa, kusan daidai da alƙiblar da ake salla a garin. Jirgi na tashi ba da daɗewa ba ya shiga sararin Nijar ta kudancin Damagaram, ya wuce ta arewacin Tafkin Chadi, ya ratsa Chadi, ya shiga arewacin Sudan, ya ƙetare kogin Nilu, sannan Bahar Maliya. Ana gama ƙetare tekun sai Jidda, don a bakin ruwa garin yake.

Ba a bin layin nan sak. Sama ma tana da hanyoyinta da aka shata, da wuraren da dole jirgi ya bi ya sanar da masu kula da zirga-zirgar jirage na kowace ƙasa, kuma wannan kan ƙara ɗan nisa. Kusan hanyar nan ce kakanninmu suka bi a ƙafa da bisa jakai da raƙuma, ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin, suna yada zango su yi noma ko ƙwadago su tara guzuri. Wasu shekaru suke yi kafin su isa, wasu suka zauna a Sudan har yau zuriyarsu na can. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko kuwa, da ya je hajji a 1921, jirgin ruwa ya bi, ya biyo ta Ingila.

To me ya sa wasu suka yi awa shida, har bakwai?

Saboda Sudan. Yaƙi ya ɓarke a can ranar 15 ga Afrilu 2023, aka rufe sararin samaniyar ƙasar, alhali babban yanki na miƙaƙƙiyar hanyar a kanta yake. Jirgin da ba zai ratsa Sudan ba yana da zaɓi biyu. Ko ya zagaya ta kudu: Kamaru, Afirka ta Tsakiya, Yuganda, Kenya, Habasha, sannan ya hauro arewa ta Bahar Maliya. Wannan ya haura kilomita 5,000, kuma shi ke kai tafiyar awa shida zuwa bakwai. Ko ya bi ta arewa ya faɗa Masar, wanda ya fi gajarta, amma sai an sami izinin ratsa ƙasashen da ke tsakani, kuma kamfanoni da yawa suna ƙaurace wa sararin Libiya. A watan Agustan shekarar ma Nijar ta rufe nata sararin na wani lokaci bayan juyin mulki.

Zagayen nan ba ƙarin zama a kujera kaɗai ba ne. Boeing 747 na shan mai kusan tan 10 a kowace awa, don haka ƙarin awa biyu tan 20 ke nan a zuwa kaɗai. Ga kuɗin da ake biyan kowace ƙasa da aka ratsa sararinta. Shi ya sa a hajjin 2023 aka yi ta kai ruwa rana tsakanin hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da kamfanonin jigila a kan ƙarin kuɗin kujera.

Buɗe sarari da rufe shi abu ne da ke canzawa, kuma ko an buɗe, kamfanin inshorar jirgi na iya hana bi. Kada a dogara da labarin wanda ya je bara. A tambayi jami'in alhazai na ƙaramar hukuma ko wakilin da ya yanka tikiti: ta wace hanya za a bi bana?

Tikitina ya nuna zuwa awa shida da rabi, dawowa awa biyu da minti arba'in da biyar. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Agogon Saudiyya na gaban na Najeriya da awa biyu duk shekara, kuma ƙa'ida ce a rubuta lokacin tashi da agogon garin da aka tashi, lokacin sauka da agogon garin da aka sauka.

Misali, jirgi ya bar Katsina ƙarfe 11:00 na dare, ya yi awa huɗu da rabi. A gida ƙarfe 3:30 na dare ne, amma a Jidda 5:30 na asuba, kuma shi za a rubuta. A dawowa, ya bar Jidda 10:00 na safe, ya yi awa huɗu da minti 45. Agogon Jidda na nuna 2:45 na rana, na Katsina 12:45. Hanya mai sauƙi: a zuwa a debe awa biyu daga abin da tikiti ya nuna, a dawowa a ƙara biyu. Masu zuwa tarya su riƙe cewa lokacin saukar da aka rubuta na agogon gida ne, kada su sake yi masa lissafi.

A kuma lura da kwanan wata. Jirgin 12:30 na dare ranar Talata, a daren Litinin ake zuwa filin jirgi. Mutane na rasa jirgi a kan wannan kawai.

Ban da agogo, zuwa da dawowa ba sa zama daidai. Me ke kawo haka?

Iska. A tsayin da jirgi ke tafiya akwai iska mai ƙarfi da ba a jin ta a ƙasa. Da hunturu tana kaɗawa daga yamma zuwa gabas a saman arewacin Afirka da yankin Larabawa, sai ta tura mai zuwa Jidda ta tare mai dawowa. Iskar kilomita 60 a awa ta isa ta sa zuwa da dawowa su bambanta da fiye da rabin awa. Da damina kuwa, daga Yuni zuwa Satumba, iskar can sama a yankinmu daga gabas take zuwa, sai abin ya juya. Hadari ma na sa matuƙi ya kauce wa gajimare masu tsawa, ya ƙara 'yan mintuna.

Daga ƙofar gida a Daura zuwa masauki, awa nawa zan sa a raina?

Wannan ce tambayar da ta fi amfani, kuma ita ce aka fi mantawa da ita. Awannin sama su ne mafi ƙanƙanta a cikin tafiyar.

Daura zuwa Katsina kimanin kilomita 80 ne, awa ɗaya da 'yan kai. A sansanin alhazai akwai kiran suna, rabon fasfo da guzuri, awon jaka, binciken jami'an shige da fice da kwastan da na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, sannan shigar da mutum ɗari huɗu ko biyar cikin jirgi, da yawansu dattawa ne da ba su taɓa hawa ba. Ko komai ya tafi daidai, rabin yini ya tafi. A can kuma akwai ɗaukar hoton yatsu, buga fasfo, jiran kaya da shiga motoci ƙungiya ƙungiya. Wanda ya sauka Madina ya huta, don filin jirgin bai da nisa da gari. Wanda ya sauka Jidda aka ce Madina za a fara, yana da sauran tafiyar bas ta sama da kilomita 400, awa biyar zuwa shida, ko fiye in an tsaya salla da cin abinci.

Mai hankali ya shirya wa kwana guda cur, daga fita gida zuwa kwanciya a masauki. Magani, abin taɓawa, cajar waya da tufafin canji na wannan kwanan su kasance a jakar hannu. Mai ciwon suga da ya lissafa awa huɗu kawai, ya sa allurarsa a babbar jaka, shi ne ake samun matsala da shi a filin Jidda.

Me ya sa ake kiran mutane sansani, sannan jirgi bai zo ba sai washegari?

Galibi jirgi ɗaya ne ke kai da kawo. Ya kai sahu, ya dawo babu fasinja, ya ɗauki na gaba. Zuwa da dawowa a gajeriyar hanya awa tara ne, ga awa biyu zuwa uku a ƙasa a kowane ɓangare don shan mai, shara da lodi. In ana zagaye Sudan, sahu ɗaya na cinye kusan yini da dare. Don haka duk abin da ya riƙe sahu na uku, ya riƙe na huɗu da na biyar.

Abubuwan da ke riƙe shi sanannu ne. Hukumar jiragen saman Saudiyya na ba kowane jirgi lokacin saukarsa, wanda ya rasa nasa sai ya nemi wani. Matuƙa da ma'aikata na da iyakar awannin da doka ta yarda su yi aiki, in jinkiri ya cinye su dole a jira su huta ko a kawo wasu. Motar mai na iya makara. Biza na iya rashin fitowa ga wasu, jirgi ya kasa cika. Injiniya na iya ganin abin da bai gamsu da shi ba ya ƙi sa hannu, kuma wannan jinkirin alheri ne, kada a yi masa gunaguni.

Yanayi ma na da nasa. Hazo daga Disamba zuwa Fabrairu na rage nisan da matuƙi ke gani, in ya yi ƙasa da ƙa'idar filin sai a karkatar da jirgi wani gari. Zafin bazara kuma na sa iska ta yi sako-sako, fiffike da inji ba sa samun abin kamawa sosai, jirgi mai nauyi ya buƙaci titi mai tsawo ko a rage masa kaya. Katsina na bisa tudun da ya kai mita 500 daga teku, wanda ke ƙara wa abin. Yana daga dalilan da ake son tashin dare ko na asuba.

Dawowa ta fi zuwa jinkiri, don alhazan duniya sun zo ne a tsawon makonni, amma kowa na son komawa a lokaci guda bayan an sauko daga Mina.

Zan tafi umara, tikitin da ke yada zango ya fi araha. Nawa yake ƙarawa?

Masu umara daga Katsina da Daura galibi Kano suke zuwa, filin jirgin Malam Aminu Kano, tafiyar kilomita 170 daga Katsina. Daga can, in ta Alƙahira za a bi, kilomita 3,100 ne da ƙarin 1,200 zuwa Jidda. Ta Addis Ababa 3,300 da 1,400. Ta Doha kuwa jimla ta wuce 6,000, don jirgin wuce Jidda yake yi ya tafi gabas, sannan a dawo da kai.

Abin dubawa na gaske shi ne tsawon jiran da ke tsakani. Ƙasa da awa ɗaya da rabi ganganci ne: jirgin farko ya makara kaɗan, na biyu ya tafi, ko kai ka shiga jakarka ba ta shiga ba. Jiran awa goma kuma azaba ce ga tsoho. Awa biyu zuwa huɗu shi ne daidai. A tabbata tikiti ɗaya ne ya haɗa jiragen biyu, mai lamba ɗaya. In daban daban aka saya, kamfani na biyu ba ruwansa da makarar na farko, kuma sai ka karɓi kayanka ka sake awo. A wurin awo a duba takardar da aka manna wa jaka: JED ne Jidda, MED ne Madina. Da iyaye tsofaffi ko mara lafiya, jirgin kai tsaye ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

A ina zan ɗaura harami?

Ya danganta da inda za a fara. Wanda zai fara da Madina ba ya ɗaura harami a jirgi, ko da a Jidda ya sauka. Sai ranar da zai tafi Makka ya ɗaura a Zul Hulaifa, wurin da ake kira Abyar Ali, a bakin garin Madina.

Wanda zai wuce Makka kai tsaye daga Jidda, jirginsa zai daidaita da miƙati tun yana sama, kafin sauka. Mai zuwa daga yamma Juhfa ce tasa, kusa da Rabig, in kuma an zagayo ta kudu sai a daidaita da Yalamlam. Ma'aikatan jirgi kan sanar kafin a kai. Amma jirgi na cin kusan kilomita 14 a minti guda, kuma banɗaki kaɗan ne ga ɗaruruwan mutane. Wanda ya jira sanarwa kafin ya fara neman zanen haraminsa, an wuce da shi. A yi wanka a gida ko a sansani, namiji ya ɗaura zanen ƙasa tun kafin shiga ko a wurin yada zango, ya riƙe mayafin a hannu, in an sanar sai niyya da talbiyya kawai. Kada harami ya shiga babbar jaka. Malamai sun yi saɓani a kan ɗaurawa a Jidda bayan an sauka, don haka a warware wannan da malamin bita tun a gida.

Salla da azumi fa?

Tafiya gabas na gajarta yini. Rana na riga faɗuwa a Jidda da kimanin awa biyu kafin ta faɗi a Katsina, don haka wanda ya tashi da tsakar rana zai sauka daf da magariba ko bayanta, azahar da la'asar duk sun wuce a sama. Jirgin dare kuma asuba na riskarsa da wuri, kuma tsakanin alfijir da fitowar rana ya fi na ƙasa gajarta. A shiga da alwala, a tambayi malami hukuncin haɗa salloli da salla a zaune kafin ranar tafiya. Alwala a banɗakin jirgi a yi ta da ruwa kaɗan, ba a malala shi a ƙasa, don akwai wayoyin lantarki a ƙarƙashin daɓen.

Mai azumi yana buɗe baki ne in rana ta faɗi a inda jirgin yake, ba da agogon Katsina ko na Makka ba. A zuwa azumin zai gajarta, a dawowa ya tsawaita.

Zaman awa biyar zuwa bakwai na da illa ga lafiya?

Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, kuma busasshiya ce ƙwarai. Mai lafiya ba ya jin komai sai ƙishi da toshewar kunne lokacin saukowa, wanda haɗiyar yawu ko hamma ke warwarewa. Mai sikila, mai ciwon zuciya ko na huhu, mai juna biyu, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan su ga likita kafin a yanki tikiti.

Tafiyar da ta wuce awa huɗu ana zaune na ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. A sha ruwa, a riƙa motsa idon sawu, a tashi a ɗan taka duk bayan awa ɗaya ko biyu in ba a kunna alamar ɗamara ba. Iyayenmu mata da yawa kan ƙi shan ruwa don kunyar tashi zuwa banɗaki, ko don ba su san yadda ake buɗe ƙofarsa ba. Wanda ke tare da Hajiya ya raka ta tun farkon tafiya ya nuna mata. In bayan sauka ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take. Katin rigakafin shawara, sanƙarau da shan inna ya zauna tare da fasfo.

Me ya sa ake tsananta awon kaya, har a hana ni sa zamzam a jaka?

Kowane jirgi na da iyakar nauyin da zai tashi da shi, kuma mai da kaya a cikin wannan iyakar suke rabo. In hanya ta tsawaita, mai ya ƙaru, abin da ya rage wa kaya ya ragu. Kilo uku na ƙari a jakar mutum ɗari biyar tan ɗaya da rabi ne. Adadin kilo da aka yarda na canzawa daga shekara zuwa shekara, a bi abin da hukumar alhazai ta jiha ta sanar.

Zamzam kuwa an hana sa shi a jaka saboda jarka na fashewa a cikin kaya, kuma in na'ura ta gano shi sai a fito da jakar a buɗe, ta rasa jirgin. Galan mai lita biyar na kowane alhaji jiragen da ke dawowa babu fasinja ne ke kawo shi, a karɓa a gida. Batirin cajin waya a jakar hannu yake tafiya, ba a babbar jaka ba. Goro kuma a bar shi a Katsina, don hukuma na gargaɗi a kansa duk shekara, kuma kada a karɓi saƙon kowa a filin jirgi komai kusancinsa.

Muna gida, ta yaya za mu san inda jirgin yake?

A karɓi lambar tafiyar, haruffa biyu ko uku da lambobi, tana kan takardar shiga jirgi. A sa ta a manhaja irin Flightradar24. In jirgin ya ɓace daga taswira a tsakiyar Chadi ko wani yanki na hamada, kada hankali ya tashi, na'urorin da ke kamo siginarsa daga ƙasa ne suka yi ƙaranci a wurin. Bayan an nuna ya sauka ma, a ba Alhaji awa uku ko huɗu kafin a fara neman wayarsa. Yana layin shige da fice, kuma layinsa na gida ba lallai ya yi aiki ba sai ya sayi na can.